Aton, Abin Bautar da Ya Mutu Tare da Sarkinsa: Shin Sarauta Tana Iya Dasa Imani?

Gabatarwa

A gabashin kogin Nilu, kimanin kilomita 300 kudu da birnin Alƙahira, akwai wani fili mai rairayi wanda duwatsu suka yi wa ƙawanya ta ɓangare uku, kogi ya tare ɓangare na huɗu. Mutanen yau suna kiran wurin Amarna. Matafiyin da ya yada zango can ba zai tarar da abin kallo mai yawa ba, in ban da tushen gidajen tubali da wasu kaburbura da aka sassaƙa cikin dutse. Amma fiye da shekara 3,300 da suka wuce, nan ne fadar ƙasar Misira take, a lokacin da zinariya ta yi mata yawa har sarakunan maƙwabta suna rubuto mata wasiƙun roƙo. An gina birnin ne dungurungum saboda abin bauta guda ɗaya mai suna Aton, wato faifan rana. Bai cika shekara 20 ba ya koma kufai, sunan wanda ya gina shi kuma aka share shi daga jerin sarakuna.

Labarin Aton ya wuce labarin gumakan mutanen da. Yana ɗauke da wata tambaya da ba ta tsufa: mutumin da ya yi amanna cewa gaskiya tana hannunsa, kuma ga iko a hannunsa, shin yana da haƙƙin ɗora ta a kan mutane da ƙarfi? In kuwa ya ɗora, shin abin da ya samu daga gare su imani ne, ko biyayyar ganin ido? Tarihi bai cika ba da misali mai tsabta irin wannan ba, inda za a ga haihuwar aƙida, da ƙasaitarta, da mutuwarta, duk cikin rayuwar mutum ɗaya.

Ƙasar da sarkin ya gada

Misirawan da suna da abubuwan bauta masu yawan gaske, kowane gari da nasa. Wanda ya yi fice a zamanin da ake magana shi ne Amon, wanda ma'anar sunansa ita ce «ɓoyayye». Asalinsa abin bautar garin Tebes ne, inda birnin Luksor yake a yau. Tauraronsa ya fara haskawa wajen shekara ta 2000 kafin Miladiyya, lokacin da sarakunan da suka fito daga kudu suka haɗa kan ƙasar. Da sarki Ahmose, shi ma ɗan Tebes, ya kori baƙin da ake kira Hiksos wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, sai aka danganta nasarar ga Amon. Aka haɗa sunansa da na Ra, tsohon abin bautar rana, ya zama Amon-Ra, sarkin gumaka.

Tun daga nan duk sarkin da ya ci yaƙi a Sham ko a Nubiya sai ya kai wa gidan Amon da ke Karnak kasonsa na ganima: gonaki, shanu, bayi, zinariya. Wata doguwar takardar fafirus da aka rubuta kimanin ƙarni biyu bayan zamanin Aton, wadda ake kira takardar Harris, tana ajiye a gidan tarihin Birtaniya, ta lissafa wa gidan Amon mutane fiye da 80,000 da dabbobi fiye da 400,000. Ko da yake lissafin na wani zamani ne na gaba, ya isa ya nuna cewa gidan bauta a Misira rumbu ne, kuma ma'aikata, kuma makaranta, kuma kotu. Taɓa shi taɓa tuwon dubban gidaje ne.

Sai dai Amon bai tsaya ga masu mulki kaɗai ba. Gunkinsa yana ɓoye a ƙuryar ɗaki mai duhu inda talaka ba ya shiga, amma a ranakun biki, irin bikin Opet, ana fito da shi cikin wani ɗan jirgi da ake ɗauka a kafaɗa, a zaga da shi gari. A ranar ne manomi da masunci suke ganin wucewarsa, su kai kukansu, su ci gurasa, su sha abin sha daga rumbun gidan bauta. Wannan fitowa ita ce igiyar da ta ɗaure babban gunki da ƙaramin mutum.

Hawan Aton

Kalmar «aton» ba sabuwa ba ce a harshen Misirawa. Tun da daɗewa suna amfani da ita su nufi faifan ranar da ido yake gani. A zamanin sarki Amenhotef na Uku ne darajarta ta fara ƙaruwa: ya sa wa jirgin ruwansa na sarauta suna mai ɗauke da Aton, kuma wani gari na zamaninsa da aka sanar da ganowa kusa da Luksor a shekarar 2021 shi ma yana ɗauke da sunan. Amma wannan sarki bai raba gari da sauran gumaka ba. Ya girmama Aton, ya kuma gina wa Amon manyan gidaje.

Ɗansa, Amenhotef na Huɗu, wanda littattafan Faransanci suke kira Amenofis, ya hau gado wajen shekara ta 1353 kafin Miladiyya. Da farko ya gina wa Aton gidajen bauta a gabashin Karnak, wato a ƙofar gidan Amon kanta. Saboda gaggawa, maginansa suka bar amfani da manyan duwatsun da aka saba, suka koma sassaƙa ƙanana, masu tsawon kimanin santimita 52, waɗanda mutum ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa. Su ne ake kira talatat a yau. A shekara ta biyar ta mulkinsa ya yar da sunansa na yanka, wanda yake ɗauke da sunan Amon, ya koma Akenaton, wato mai amfani ga Aton. A wannan shekara ya zaɓi filin Amarna, inda ba a taɓa bauta wa wani gunki ba, ya kafa birni ya kira shi Aketaton. Ya sa aka sassaƙa allunan iyaka a jikin duwatsun da ke kewaye, an san guda 16 daga cikinsu a yau, inda ya yi rantsuwa cewa ba zai ƙetare iyakar da ya shata wa birnin ba. Cikin ƴan shekaru mutane tsakanin 20,000 da 50,000 suka cika wurin, bisa ƙiyasin masu bincike.

Sabuwar bautar ta saɓa wa tsohuwa ta kowace fuska. Aton ba shi da gunki. Ba a siffanta shi da mutum, ko rago, ko dila ba. Bayan ƴan shekarun farko da aka zana shi da kan shaho, sai aka tsaya ga faifai mai dogayen tsirkiyoyin haske, kowane tsirkiya ya ƙare da ɗan hannu. Gidajen bautarsa ba su da rufi, domin ba a ɓoye abin da yake sama yana kallon kowa. Filaye ne buɗaɗɗu cike da ɗaruruwan teburan hadaya da aka jera a rana. An rubuta sunansa cikin zobe biyu, irin zoben da ake zagaye sunan sarki da shi, aka kuma riƙa ƙidaya masa shekarun mulki tare da na Akenaton.

Daga nan sai aka ɗauki matakin da babu wani Fir'auna da ya taɓa ɗauka. Aka baza masassaƙa ko'ina cikin ƙasa, har Nubiya, suna kankare sunan Amon da siffarsa daga bangaye, da kaburbura, da ƙololuwar dogayen ginshiƙan dutse. A wasu wurare har kalmar «gumaka», a jam'inta, an kankare. Sunan mahaifin sarkin kansa bai tsira ba, tun da yana ɗauke da harufan Amon. Dukiyar tsofaffin gidajen bauta aka karkatar da ita zuwa sabon birni, bukukuwan fito da gumaka kuma suka tsaya.

Kyawon koyarwar da aibinta

Rashin adalci ne a ɗauki Akenaton a matsayin mahaukacin sarki kawai. A kabarin wani bafadensa mai suna Ay an tarar da doguwar waƙar yabon Aton, wadda masana da yawa suke ganin sarkin ne ya tsara ta ko ya ba da umurnin tsara ta. Waƙar tana kallon halitta da idon basira: tana maganar jinjiri a cikin uwarsa, da ɗan tsako a cikin ƙwai, da kifi a kogi, da tsuntsu a sama. Tana ɗaukar mutanen Sham da na Kush halittun mahalicci ɗaya da Misirawa, duk da bambancin harsuna da launin fata, kuma tana ganin ruwan saman da baƙin ƙasashe suke samu kyauta ce daidai da ambaliyar Nilu. A zamanin da aka saba zana baƙo ɗaure a ƙarƙashin takalmin Fir'auna, wannan tunani ba ƙaramin abu ba ne. Sarkin ya kuma liƙa wa sunansa kirarin «mai rayuwa cikin maat», kalmar da take nufin gaskiya da adalci da daidaiton duniya. Saboda irin wannan ne Ba'amurken masanin tarihi James Henry Breasted ya ɗaukaka shi ƙwarai a farkon ƙarni na 20, Sigmund Freud kuma, a littafin da ya fitar a 1939, ya yi ƙoƙarin danganta kaɗaita bauta na Bani Isra'ila da shi, ra'ayin da mafi yawan masana tarihi ba su karɓa ba don rashin hujja.

To amma wanda ya duba zanen Aton da kyau zai lura da wani abu. Hannayen hasken nan suna sauka a kan kowane abu, amma alamar rai da suke riƙe da ita, wadda ake kira ank, ba sa miƙa ta ga hancin kowa sai na ƴan gidan sarauta, musamman sarki da matarsa Nefertiti. Waƙar yabon ma, bayan ta gama yawo da mai sauraro cikin halittu, ta keɓe sanin Aton ga mutum ɗaya tak, Akenaton. A kaburburan fadawa, inda a da ake zana mamaci gaban Oziris, sarkin lahira a aƙidarsu, yanzu sarki da matarsa da ɗiyansu mata ake zanawa, suna kan keken doki ko suna leƙowa ta tagar fada suna jefa wa masu biyayya sarƙoƙin zinariya. A gidajen manya an tarar da ƙananan wuraren bauta, kuma hoton da ke cikinsu na iyalin sarki ne. Ke nan tsarin shi ne: sarki ya bauta wa Aton, jama'a su bauta wa sarki. Fitowar gunki a ranar biki ta koma fitowar Fir'auna bisa keken doki, dakaru suna gudu a gefensa, mutane sun sunkuya.

A nan ne wannan aƙida ta rabu da tauhidin da addinan Littafi suka zo da shi, inda bawa yake kiran Mahaliccinsa kai tsaye, sarki da talaka sahu ɗaya. Akenaton ya rage yawan abubuwan bauta, amma ya rage yawan ƙofofi fiye da haka, har ta zama ƙofa ɗaya ce ta rage, shi ne kuma yake zaune a bakinta. Rana tana fitowa ga kowa ba tare da neman izini ba. Abin mamaki shi ne a ce an sami wanda ya mai da ita mallakar gida ɗaya.

Akwai kuma tambayoyin da sabuwar koyarwar ta yi shiru a kansu. Addinin haske ne, ba shi da abin faɗa game da dare in ban da cewa lokacin tsoro ne mai kama da mutuwa. Bai yi wa mamaci tanadin hisabi da sakamako irin wanda Misirawa suka saba ji game da Oziris ba. Macen da naƙuda ta tsananta gare ta, da uban da kunama ta harbi ɗansa, da wanda alƙali ya zalunta, ba su da wanda za su kira da suna. Faifan rana yana ba da rai, amma ba a ce yana jin kuka ba.

Abin da rairayi ya ɓoye

Rubutun bangaye muryar fada ce. Muryar talakawa sai a cikin ƙasa ake samunta, kuma Amarna ta ba da ita fiye da kowane birni na Misirar da, domin an tashi an bar shi, ba a sake gina wani a kansa ba. Tun daga aikin Flinders Petrie a 1891 zuwa 1892, har zuwa binciken da Barry Kemp ya jagoranta daga 1977, abin da aka haƙo daga gidajen ƙananan mutane yana ba da labari dabam da na fada. An sami layu masu yawa da zane-zanen Bes, gunkin nan mai siffar wada wanda suke ganin yana tsaron yara, da na Taweret mai siffar dorina, wadda mata masu ciki suke kira. A cikin birnin Aton kansa, tafiyar ƴan mintoci daga fada, uwa tana ɗaura wa ɗanta layar da kakarta ta sani. Da rana a sunkuya wa keken sarki, da dare a koma ga abin da zuciya ta yarda da shi.

Maƙabartun talakawan birnin, waɗanda aka fara tonawa a 2006, sun ƙara wani bayani mai ɗaci. Ƙasusuwan da yawa suna nuna alamun ƙarancin abinci tun yarinta, da raunukan ƙashin baya irin na masu ɗaukar kaya mai nauyi. A maƙabartar arewa, da aka fara bincike a 2015, mafi yawan waɗanda aka tono ƴan shekara 7 zuwa 25 ne, kuma jikinsu ya nuna sun sha aikin wahala. Birnin da bangayensa suke cike da hotunan teburan gurasa da nama da aka jera wa rana, da alama yara da matasa suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin gina shi. Wannan bai nuna cewa sauran biranen Misira aljanna ce ga talaka ba, amma ya nuna cewa kirarin rayuwa cikin gaskiya bai sauko daga bango zuwa wurin fasa dutse ba.

Hatta baƙi sun ji a jikinsu. Cikin wasiƙun yumɓu da aka fara ganowa a Amarna wajen 1887, waɗanda adadinsu ya kai 382, akwai ta sarkin Assur, Ashur-uballit, yana ƙorafin cewa ana tsayar da manzanninsa a rana har su kusa halaka. A Tebes kuma, jim kaɗan bayan mutuwar Akenaton, an rubuta wa wani mai hidimar gidan bauta mai suna Pawah addu'a a bangon wani tsohon kabari, yana kukan rashin Amon, yana roƙonsa ya dawo. Shekarun kankare suna ba su kankare shi daga zuciyar wannan mutum ba.

Faɗuwa

Akenaton ya mutu a shekara ta 17 ta mulkinsa, wajen 1336 kafin Miladiyya. Ba a yi wani yaƙi don kifar da Aton ba, kuma ba a ji labarin wanda ya ba da ransa don kare shi ba. Bayan ɗan gajeren mulkin waɗanda suka biyo baya, wani yaro ɗan shekara takwas ko tara mai suna Tutankaton ya hau gado. Ba da jimawa ba sunansa ya koma Tutankamon, fada ta bar Amarna. A wani allon dutse da aka gano a Karnak a 1905, an rubuta da sunansa cewa ya tarar da gidajen bauta sun zama kango, gumaka sun juya wa ƙasa baya, rundunar da aka tura Sham ba ta yin nasara. Abin lura shi ne manyan da suka tsaya bayan yaron wajen mai da tsohon tsari sun haɗa da Ay, mutumin da aka sassaƙa waƙar yabon Aton a kabarinsa. Sarki goma, zamani goma. Imanin da aka saya da sarƙar zinariya ya ƙare ranar da tagar fada ta rufe.

Horemheb, shugaban soja wanda ya yi sarauta bayan Ay, shi ne ya fara rushe gine-ginen Aton. A zamanin Ramses na Biyu aka kwashe duwatsun Amarna, aka ƙetare kogi da su don gine-gine a Hermopolis. Jerin sarakunan da Seti na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a Abidos ya tsallake daga Amenhotef na Uku zuwa Horemheb, kamar ba a taɓa yin Akenaton da magadansa ba. A wata shari'ar gona da aka rubuta a zamanin Ramses na Biyu, da ya zama dole a ambaci lokacinsa, sai aka kira shi maƙiyin Aketaton, aka ƙi faɗin sunansa. A aƙidar Misirawa share suna kisa ne na biyu. Makamin da ya ɗauka a kan Amon shi aka juya a kansa. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sai dai su ma masu sharewar ba su cim ma burinsu ba. Duwatsun talatat da Horemheb ya zuba a matsayin ciko cikin manyan ƙofofin Karnak sun zauna can cikin duhu, iska da rana ba su taɓa zanensu ba. A ƙarni na 20 aka fito da dubunnansu, daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara amfani da kwamfuta wajen haɗa hotunansu, kuma a yau akwai bango guda da aka sake jerawa a gidan tarihin Luksor. Kan mutum-mutumin Nefertiti da aka haƙo a Amarna a 1912 yana Berlin. Kujerar zinariyar Tutankamon, da aka samu a kabarinsa da aka gano a 1922, har yanzu tana ɗauke da faifan Aton mai hannaye. Wanda aka so a manta ya zama ɗaya daga cikin Fir'aunonin da aka fi rubutu a kansu. Guduma ta kasa sau biyu: ta kasa kashe Amon, ta kuma kasa ɓatar da Akenaton.

Wata hujja da ya kamata a saurara

Mai tunani zai iya cewa: ai shi ma Amon a kan dokin sarauta ya hau, kuma da ƙarfin soja aka dawo da shi, har wa yau tarihi ya san aƙidun da masu mulki suka ɗora wa jama'a, suka kuma zauna daram. Ashe laifin Akenaton bai wuce gajeren kwana ba? Da ya yi shekara 66 a gado kamar Ramses na Biyu, ko da ya bar magaji mai ƙarfi, da wataƙila labarin ya sake.

Hujjar tana da nauyi, domin gaskiya ne iko yana buɗe wa aƙida hanya, tsawon zamani kuma yana mai da baƙon abu al'ada. Amma tana tsallake wani bambanci. Aƙidun da suka daɗe bayan masu mulki sun tallafa musu, sun daɗe ne saboda sun fita daga fada: sun sami malamai masu koyarwa, da almajirai masu ɗauka, da amsa ga mai ciwo da mai makoki, har suka iya rayuwa ko da sarki ya juya musu baya. Amon ya nuna haka. A ƙarnonin da suka biyo baya, rubuce-rubucen ma'aikatan ƙauyen Deir el-Medina suna kiransa mai jin addu'a, wasu takardun kuma suna siffanta shi da wazirin talaka wanda ba ya karɓar toshiya. A gabashin Karnak har akwai wurin da aka keɓe don mutanen gari su kai kukansu ga kunnensa. Saboda haka ya rayu bayan daular da ta ɗaukaka shi ta wargaje, ya rayu bayan Assuriyawa sun washe Tebes a shekara ta 663 kafin Miladiyya, sarakunan Kush suka riƙe shi a Napata da Merowe cikin Sudan ta yau, Iskandar na Makidoniya ma ya ratsa hamada zuwa Siwa don jin ta bakinsa. Da ƙarshensa ya zo, bayan fiye da shekara 2,000, a hankali ya zo: zukata suka koma ga Isis da Oziris, daga baya ga Kiristanci, sannan Musulunci. Dokar sarkin Rum Teyodosiyus ta hana tsohuwar bauta a ƙarshen ƙarni na 4 ta tarar da gidajen Amon sun riga sun yi sanyi. A yau masallacin Abul Hajjaj yana tsaye a cikin harabar gidan Amon na Luksor.

Aton kuwa an gina shi ne ta yadda ba zai iya fita daga fada ba. Aƙidar da ta ce mutum ɗaya ne kaɗai ya san abin bauta ta hana kanta almajirai tun ranar farko, domin ba a gadon ilimin da aka ce ba ya ratsa kowa sai mai shi. Da Akenaton ya yi shekara 60, da an yi shekara 60 ana sunkuyawa. Ranar jana'izarsa kuma tambayar tana nan inda take.

Kammalawa

Abin da kufan Amarna yake koyarwa shi ne iko yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce ƙofar zuciya. Yana iya tayar da birni a hamada cikin ƴan shekaru, ya canza sunaye, ya rufe rumbuna, ya sa dubban mutane su faɗi abin da ake so su faɗa. Abin da yake girba daga wannan duka biyayya ce, biyayya kuma tana kama da imani ƙwarai, har mai mulki ya kasa bambanta su, tun da ya kashe duk wata hanyar da zai ji gaskiyar abin da ke ran mutanensa. Wannan ita ce hasarar farko ta mai tilastawa: yana rasa sanin ko an yarda da shi.

Hasara ta biyu tana kan gaskiyar da yake tutiya da ita. In akwai wani abu mai kyau a tunanin Akenaton, kamar ganin ɗan Kush da ɗan Sham da Bamisire halitta ɗaya, to tilas ɗin da ya haɗa shi da ita ce ta sa aka binne shi tare da sauran. Wanda ya ɗaure gaskiya a jikin kujerarsa ya sa ta cikin hatsarin da kujerar take ciki. Wannan ya shafi duk wanda aka ba amanar wasu, ko sarki ne, ko shugaban ƙungiya, ko malami a gaban ɗalibai: ma'aunin abin da ya koyar shi ne abin da ya rage a hannun mutane ranar da ba ya nan, ba ya gani, ba ya bayarwa, ba ya hukuntawa. Da aka auna Aton da wannan ma'auni, ba a tarar da kowa tsaye a filin hadayarsa ba, alhali layar Bes tana nan a wuyan yara har ƙarnoni masu yawa bayan haka.